MAKI DA LAMBA: ABIN DA SUKE YI WA ZUCIYAR ƊAN LEKOL

Jawabin da kwamitin ilimi ya gabatar a babban taron ƙungiya na bayan kaka. An buga shi domin waɗanda ba su samu halarta ba.



Mai gari da dattawansa, liman da malamai, iyayenmu mata, direkta da malaman lekol, muna gaishe ku da girmamawa. Muna gaida ƴan uwa da sunka taso daga Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa domin wannan taro, da kuma waɗanda neman abinci ya tsare a Kano, Legas, Kwatanu, Abijan, Aljeriya da Libiya, waɗanda takardar nan za ta iske a inda suke. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Ƙungiya ta ɗora mana aikin duba abin da ke sa yaro ya shiga lekol da murna yana ɗan shekara 7, amma kafin ya kai CM2 ya riga ya tsani hanyarta. Dalilai da yawa kowa ya san su: talauci, aikin gona, ajin zana da ba a kafawa sai an yi girbi an samu kara, ƙarancin littattafai, yawan yara gaban malami guda. A cikinsu akwai na hukuma, akwai waɗanda sunka fi ƙarfinmu. To amma akwai dalili guda da ke hannunmu, gyaransa ba ya cin ko dala, shi ne yadda ake karɓar maki da lamba a gida. A kansa za mu yi magana yau.

TAMBAYA GUDA

In an gama kompozisiyo, sai a tara yara a kira sakamako, daga na ɗaya har zuwa na ƙarshe. A tafa wa na gaba, wani wuri kuma a yi wa na baya ihu. Da maraice uba ya bugo waya daga ci-rani, a miƙa wa yaro, tambayar guda ce: "Na nawa ka zo?" In lambar ƙarama ce, a yi alkawarin keke ko salula. In babba ce, a ce, "Kai dai jaki ne, ba mu wuyar uwarka." Daga nan an rufe zancen karatu sai wata kompozisiyo.

Mu yi lissafi tare. Aji mai yara 60, na ɗaya mutum guda ne. Ko da dukkansu sun zama gwanaye, dole a samu na 60. Ko da dukkansu ba su iya komai ba, dole a samu na ɗaya. Ashe lamba ba ta faɗin abin da yaro ya sani, tana faɗin inda ya tsaya a layi ne kawai. Na ɗaya a ajin da ba a koyi komai ba yana iya kasa karanta wasiƙar ubansa, na 30 a aji mai ƙarfi kuwa ya karanta ta har ya rubuta amsa.

Ga kuma misali na biyu. Wata yarinya ta samu 2 bisa 10 a farkon shekara, ta dage, a kompozisiyo ta biyu ta samu 4. Ta ninka abin da take da shi, amma tun da ba ta kai muwayen ba, faɗa za ta sha. Wani yaro ya tashi daga 8 ya sauko 7, baya ya yi, amma shi za a saya wa tsire. Yarinyar ta gane cewa ƙoƙari ba ya biya. Yaron ya gane cewa ko ya kwanta ba abin da zai same shi. Dukkansu biyu an koya musu darasi mara kyau.

Ƙarshen wannan hanya ba ɓoyayye ba ne. Yaron da anka kira jaki shekara uku a jere yakan yarda, ya ajiye kaye, ya bi ƴan uwansa ci-rani tun bai yi ƙwari ba, ko ya nufi ramukan zinariya irin na Jado da Cibarakatan da sunka buɗe tun 2014. Yarinya kuwa, makinta mara kyau shi ke zama hujjar cire ta a ɗora mata talla, daga talla sai aure, alhali gwamnati ta yi doka a 2017 domin a bar ƴa mace ta ci gaba da karatu.

MAKI TIYA CE

Maki tiya ce ta awo. Ba wanda zai ce a jefar da tiya, domin da ita magidanci ke sanin ko abin da ke cikin rumbu zai kai shi damana. Sai dai duk yawan awon da ka yi, hatsi ba ya ƙaruwa. Noma da taki da ruwa su ke ƙara shi. Kuma duk wanda ya taɓa cin kasuwa ya san tiyar wani ba ta yi daidai da ta wani ba.

Tsarin ba da maki bisa 10 a firamare da bisa 20 a koleji da lise, daga Faransa munka gaje shi. Su kansu masu shi sun daɗe da gano raminsa. A 1936 wasu masana biyu, Laugier da Weinberg, sun fitar da sakamakon wani bincike a kan takardun jarrabawar bak. An ɗauki takardu iri ɗaya, an ba ƙwararrun malamai su gyara, kowa shi kaɗai, ba ya ganin makin ɗan uwansa. A rubutun Faransanci an samu takardar da bambancin makinta tsakanin mai gyara da mai gyara ya kai 13 bisa 20. Ko a lissafi, inda ake zaton ba gardama, bambanci ya kai 9. Takarda guda, a hannun wannan ta ci, a hannun wancan ta faɗi. To in haka ne, me zai sa a doki yaro a kan ya samu 4 da rabi maimakon 5?

Ku duba dikte kuma. Kowane kuskure cire maki ake yi, kuma a tsohon tsarin sartifika na Faransa kuskure 5 ya isa a ba yaro zero. Ɗauki yaron da ya yi kuskure 40 a watan Oktoba, ya sha wahala har ya mai da su 12 a watan Maris. Aiki babba ya yi, kalmomi 28 ya gyara. Amma abin da zai gani a kan takardarsa shi ne abin da ya gani da farko: zero. Tiyar ba ta da bakin da za ta faɗi ci gabansa.

Wani malamin lissafi na jami'ar Tuluz, André Antibi, ya rubuta littafi a 2003 a kan wata al'ada ta malamai. Ya nuna cewa malami yakan ji kamar dole ne a kowace jarrabawa a samu wani kaso na yara da sunka faɗi, don kada a ce ba shi da tsanani. In aji duka ya iya, sai a ƙara wa tambayoyi wuya har a samu masu faɗuwa. Ba mugunta ke sa haka ba, al'ada ce da kowa ya tarar. Amma sakamakonta shi ne, akwai yaran da anka riga anka tanadar wa faɗuwa tun ba su ɗauki bik ba.

ABIN DA MASU BINCIKE SUNKA GANI

Akwai gwaje-gwaje guda uku da muke so dattawa su ji, domin suna da sauƙin fahimta.

Na farko, wata malama mai suna Ruth Butler ta yi shi a Isra'ila, ta fitar da shi a 1988, da yara 132 ƴan aji 5 da 6. Ta ba su aiki iri ɗaya, ta raba su kashi uku. Kashi na farko an mayar musu da takarda da maki kawai. Na biyu ba maki, sai ƴan kalmomi: ga abin da ka yi daidai, ga abin da za ka ƙara. Na uku an ba su duka biyu, maki da bayani. Da anka sake ba su aiki, waɗanda sunka samu bayani kaɗai su ne aikinsu ya ƙaru sosai. Masu maki kaɗai ba su ci gaba ba. Abin mamaki, masu maki da bayani su ma ba su ci gaba ba. Da yaro ya ga lamba, idonsa ya tsaya a kanta, sai ya leƙa ta maƙwabcinsa, bayanin malami ya tafi a banza. Da anka tambaye su ko suna son ci gaba da irin wannan aiki, masu rauni da anka ba maki su ne sha'awarsu ta mutu. Masu rauni da anka ba bayani kuwa suna nan da sha'awarsu.

Na biyu, a Amurka anka yi shi a 1973, Mark Lepper da abokan aikinsa, da ƙananan yara masu son zane da kansu. Wasu an ce musu, "In kun yi zane za a ba ku takardar yabo." Wasu an ba su takardar ba zato bayan sun gama. Wasu ba a ba su komai ba. Bayan mako ɗaya zuwa biyu an ajiye alƙaluman zane a aji, ba a ce wa kowa komai ba. Waɗanda anka yi wa alkawari sun yi zane kamar rabin lokacin da sauran sunka yi. Abin da suke yi don so ya koma aikin lada, da ladan ya ƙare sai aikin ya tsaya. Kyautar ba-zata ita ba ta ɓata komai ba. Manomi ya san wannan: ɗan ƙwadago yana duban rana, mai gona yana duban kunya.

Na uku, Claudia Mueller da Carol Dweck, a Amurka, 1998, da yara ƴan shekara 10 zuwa 12. Bayan sun yi wani aiki da kyau, wasu an ce musu, "Lalle kana da ƙwaƙwalwa." Wasu an ce musu, "Lalle ka yi ƙoƙari." Daga baya waɗanda anka yaba wa ƙwaƙwalwa sun fi zaɓen aiki mai sauƙi, don kada su faɗi a gane su. Da anka ba su mai wuya sun yi saurin karaya, kuma kusan 4 cikin 10 sun ƙara wa makinsu da ƙarya lokacin da suke faɗa wa wasu yara. Waɗanda anka yaba wa ƙoƙari sun fi jurewa, aikinsu ya ƙaru. Ke nan ba kalmar "jaki" kaɗai ke da lahani ba. "Ɗana ai haziƙi ne, ba ya ko buɗe kaye" ita ma tarko ce.

A shekarar 1998 ɗin dai, wasu masana biyu na Ingila, Paul Black da Dylan Wiliam, sun tattara bincike wajen 250 a kan wannan batu. Abin da sunka fitar shi ne: gwajin da ake yi domin a nuna wa yaro inda ya kuskure da yadda zai gyara yana ɗaga karatu ƙwarai, kuma masu rauni su sunka fi cin amfaninsa.

ABIN DA MUNKA TARAR A GIDA

Wani zai ce wannan zancen Turawa ne. To mu dawo gida. Dattawan da ke zaune nan kusan duk sun yi makarantar allo. Wa anka taɓa ba 6 bisa 10 a sura? Wa anka taɓa ce wa shi ne na 25? Malam yana rubuta maka daidai ƙarfinka. Ka je ka yi ta bita, ka dawo ka biya. In ka yi tuntuɓe a kalma, nan take ya gyara maka ita, ita kanta, ka maimaita. In bai zauna ba, ka koma. In ya zauna, ka wanke allo a yi maka ƙari. Kowa da inda yake: wannan yana ƙananan surori, wancan ya yi nisa, a zaure ɗaya. Wanda ya sauke a shekara 4 da wanda ya sauke a shekara 7, duka an yi musu walima, an zana musu allo. Ba mu ce makarantar allo ba ta da abin gyara ba, bulalarta ta kori yara da dama. Amma hanyarta ta awo, wato "ka iya ko ba ka iya ba tukuna", ita ce masanan can sunka zagayo sunka iske.

Haka maƙeri da ɗan koyonsa. In yaro ya ƙera hauya ta karkace, maƙeri ba ya cewa "3 bisa 10" ya juya baya. Yakan ce, "Ƙarfen bai yi ja ba ka fara duka, mai da shi wuta." Uwa mai koya wa ƴarta tuƙin tuwo takan ce, "Ruwan ya yi yawa, ƙara gari kaɗan-kaɗan." Uba a gona yakan riƙe hannun ɗansa ya nuna masa tazarar shuka. Duk inda muke son yaro ya iya abu da gaske, gyara muke yi masa, ba lamba muke ba shi ba. Sai a lekol kaɗai, saboda da yawa cikin iyaye ba su iya karanta abin da ke cikin kaye ba, lamba ta zama ita ce abin da ake iya kamawa.

HALIN DA ƘASARMU KE CIKI

Kada a fahimce mu a karkace. Ba mu ce a soke jarrabawa ba, kuma ba mu ce a bar yara su wuce aji ba su iya komai ba. An dakatar da jarrabawar sartifika a Nijar wajen shekara 10, ana tura yara koleji da makin aji. Iyaye da malamai sun yi ta kukan cewa yara na isa siziyam ba su iya karatu ba, har anka maido ta a 2024. BEPC da bak suna nan, kuma da maki ake cinsu. Cire tiya ba ya cika rumbu, kamar yadda yawan awo ba ya cika shi.

Akwai wani babban gwaji da ake yi wa yaran ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, ana kiransa PASEC. A na 2014, cikin ƙasashe 10, yaran Nijar na ƙarshen firamare da sunka kai matakin da ake bukata a karatu ba su kai 1 cikin 10 ba. A na 2019 abin ya ɗaga zuwa wajen 3 cikin 10. An ci gaba, amma da saura. Ku lura kuma, a duk waɗannan shekaru kowane aji yana da na ɗaya, da na biyu, da na uku, ana tafa musu. Lamba ta rufe wa iyaye ido ga ainihin tambaya: shin yaron ya iya karatu?

Sai maganar harshe. Yaron CI da ya taso da Hausa, aka yi masa tambaya da Faransanci ya yi shiru, an auna Faransancinsa ne, ba hankalinsa ba. Yaron nan shi ne ke ƙirga canji a kasuwa ba ya kuskure. Tun 1973 anka buɗe makarantar gwaji a Damagaram inda ake fara koyarwa da Hausa, kuma a 2025 dokar ƙasa ta sa Hausa ta zama harshen ƙasa. Saboda haka uba ba shi da dalilin jin kunyar tambayar ɗansa darasi da Hausa. In yaro ya iya bayyana maka abin da ya koya da harshen gida, ya gane shi. In sai dai ya rera maka Faransanci kamar aku, hadda ce kawai.

Akwai kuma abin koyi kusa da mu. A 2004 an fara wani shiri a jihar Tawa tare da taimakon ƙasar Japan, na kafa kwamitocin kula da makarantu da jama'ar gari ke zaɓa, daga baya ya game ƙasa duka. A ƙarƙashinsa garuruwa da dama sun gwada wata hanya: a yi wa yara ɗan gwaji mai sauƙi, a faɗa wa taron gari yawan waɗanda sunka iya da waɗanda ba su iya ba tukuna, sannan a shirya musu ƙarin darasi bayan an tashi, da taimakon ƴan gari masu ilimi. A Indiya ƙungiyar Pratham ta daɗe tana irin wannan: a duba ko yaro yana matakin harafi, ko kalma, ko jimla, ko labari, a haɗa shi da na matakinsa, a koya masa daga inda ya tsaya. Wannan ma awo ne, amma awon likita ne mai neman inda ke ciwo, ba na alƙali mai yanke hukunci ba.

SHAWARWARINMU

Ga abin da muke kawo wa taro, a duba, a gyara, a zartar.

1. Ga ƴan uwa na ci-rani. In kun bugo waya, ku sake tambaya. Maimakon "na nawa ka zo", ku ce: "Me ka iya yanzu wanda ba ka iya ba wancan wata? Ina ne ke ba ka wuya? Karanta mini layi biyu in ji." Minti 3 ya isa. Wanda ke da WhatsApp ya sa a ɗauko masa muryar yaro yana karatu, ya ajiye, bayan wata 3 a sake, ya kunna masa duka biyu ya ji bambanci da kunnensa. Ko ba ka yi lekol ba, kana iya gane mai tuntuɓe da mai tafiya sumul.

2. A daina ɗaura kyauta a kan lamba. Keken da anka ce sai na ɗaya, yaro na 40 ya san ba nasa ba ne, ba zai motsa ba. Na 3 kuwa yana iya neman sa ta hanyar satar amsa. Kaye, bik, fitila da abin karin kumallo haƙƙin yaro ne, ba a hana shi don ya faɗi, kamar yadda ba a hana gona taki don bara ba ta yi ba. In za a yi kyauta, a yi ta ba zato, a kuma faɗi dalilinta: "Na ji ba ka yi fashi ko sau ɗaya ba."

3. In karne ya zo gida, a ajiye na baya kusa da shi. A gwada yaro da kansa na jiya, kada a gwada shi da ɗan kishiya ko ɗan maƙwabci. Daga 2 zuwa 4 abin a ce madalla ne. Daga 8 zuwa 7 abin a tambayi dalili ne, cikin natsuwa.

4. Ga dattawa. Muna roƙon ku hana kalmar "jaki" da "daƙiƙi" a zaure da cikin gida, ku kuma hana duka a kan maki. Tsoro yana sa yaro ya ɓoye karne, ya yi ƙarya, ya yi shiru a aji ko bai gane ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, amma tanƙwarawa daban, karyawa daban. Kuma kada wani ya je wurin malami da kaza ko kuɗi neman a ƙara wa ɗansa maki. Wanda ya sayi maki kamar wanda ya cika rumbu da ƙaiƙayi ne, ranar bukata zai gani.

5. Ga iyayenmu mata. Ku ne kuke ganin yaro kullum. Yarinyar da ta yi ɗiban ruwa, ta yi daka, ta yi talla, ta zo aji a gajiye, makinta na gajiya ne. A ba ta ko sa'a guda da fitila kowane dare kafin a ce ba ta da kai.

6. Ga malamanmu, da girmamawa, domin mun san nauyin da ke kanku. Rubuta wa yara 60 bayani kullum ba zai yiwu ba. Amma muna roƙon abu uku. A aikin yau da kullum, wani lokaci a mayar da kaye da gyara kawai ba maki, a bar maki sai kompozisiyo. A dikte, a rubuta wa yaro yawan kalmomin da ya samu daidai. Ranar sakamako kuma, a yaba wa na gaba, amma a bar kiran na baya a bainar jama'a, a ba kowa nasa a hannu.

7. Ga ƙungiya. Kyautar ƙarshen shekara ta na ɗaya zuwa na 3 ta ci gaba, yabon gwani ya zama dole. Muna ba da shawarar a ƙara biyu a kowane aji: ta wanda ya fi kowa ci gaba tsakanin kompozisiyo ta farko da ta ƙarshe, da ta wanda bai yi fashi ba. Waɗannan kowane yaro yana iya kai hannu gare su. Sannan a ware wani abu daga kuɗin asusu domin fitilu masu aiki da hasken rana da ɗan alheri ga ɗalibanmu na lise da jami'a, su riƙa yi wa ƙannensu darasi a lokacin hutu, kowa daga matakin da ya tsaya, tare da shawarar direkta da kwamitin makaranta.

Jama'a, gumin da ake zubarwa a ƙasashen mutane, domin yaran nan ake zubar da shi. Abin da muke nema a ƙarshe ba takarda mai jan bik ba ce. Muna neman yaron da zai karanta takardar asibiti, ya lissafa kuɗin taki, ya rubuta wa hukuma kukan garinsa, kuma ya ci gaba da neman sani ranar da ba mai ba shi maki. Irin wannan yaro ba ya samuwa sai in yana son karatu, so kuwa ba a dasa shi da kunyatarwa. Sannu ba ta hana zuwa, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Duk wanda ke da gyara ko ƙari a kan waɗannan shawarwari, ya faɗa a taro, na nesa kuma su aiko ta hannun wakilin ƙungiya na garin da suke, kafin taro mai zuwa.

Allah shi shirya mana zuri'a, shi saka wa malamai da alheri, shi maido matafiya gida lafiya, shi ba mu damana mai albarka.